"Da Wa Yake?": Fili da Ɓoye a Karatun Waƙar Hausa

Duk wanda ya saba zama a majalisun Fagge da yamma, ko a rumfunan masu tura waƙoƙi a waya a gefen kasuwar Sabon Gari, ya san tambayar da ke tarbar sabuwar waƙa. Tun ba a kai baiti na uku ba wani zai ɗaga murya ya ce, "To, da wa yake?" Daga nan an bar waƙar ke nan, an koma lissafin sunaye. Wannan ya ce da gwamna ake, wancan ya ce a'a, da tsohon ubangidan mawaƙin ne, wani kuma ya rantse abokin sana'a ake yi wa raddi. Waƙa za ta ƙare babu mai iya maimaita abin da aka faɗa a cikinta, amma kowa ya tashi da yaƙinin ya gano abin da aka ɓoye.

Tambayar tana da tushe. Bahaushe ya daɗe da cewa kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, kuma waƙarmu, ta baka da rubutacciya, cike take da habaici da shaguɓe da gugar zana da hannunka-mai-sanda. Mai sauraron da bai iya jin waɗannan ba rabin waƙa kawai yake samu. Damuwata ita ce tambayar da ya kamata ta zo ta biyu mun mai da ita ta farko, sau da yawa ma ita kaɗai muke yi. A cikin kowace waƙa akwai abin da mawaƙi ya furta da bakinsa, akwai abin da ya nufa bai furta ba amma ya bar sawunsa, sannan akwai abin da mai sauraro ya taho da shi daga gida ya ɗora wa waƙar. Na farko da na biyu na mawaƙi ne. Na ukun namu ne, kuma ba mu da haƙƙin cusa shi a bakin wani. Aikin mai nazari kusan duka yana kan raba waɗannan ukun.

Ba banza ba kunnen mutanen wannan yanki na Kano ya saba da neman abin da ke ƙarƙashin magana. Fagge tun asali zangon fatake ce a wajen ganuwa, masaukin Buzaye da sauran baƙin da ke ratso sahara. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, bayan ɗan lokaci kaɗan aka yanka Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka biyo dogo daga Kudu da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Unguwannin biyu suka zama mahaɗar harsuna da jaridu da gidajen silima da sababbin ra'ayoyi. A Sabon Gari aka kafa jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma cikin waɗanda suka kafa ta har da marubucin waƙa, Mudi Sipikin, tare da su Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Dambatta. Fagge kuwa ta zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin 'yan Sawaba, wato magoya bayan NEPU. A wancan zamani na En'e, da 'yan doka da kotun alƙali, kalma ɗaya kan iya ja wa mutum bulala ko ɗauri. Inda magana ke da tsada haka, dole mai faɗa ya koyi lulluɓe ta, mai ji kuma ya koyi yaye lulluɓin. Sai dai kada mu ɗauka duk waƙar siyasar lokacin a lulluɓe take. Da yawa daga waƙoƙin NEPU da na abokiyar hamayyarta NPC ƙiri da muzu suke magana, suna kiran jam'iyya da sunanta, suna zargi ba kwana-kwana. Wanda ya je neman asiri a irin waɗannan zai ɓata lokacinsa ne.

Waƙar da ta fi koya mini bambancin fili da ɓoye ita ce "Arewa Jamhuriya ko Mulukiya" ta Malam Sa'adu Zungur, ɗan Bauchi, wanda ya rasu a 1958. Ya yi ta ne bayan zamansa a Ikko, inda ya riƙe muƙamin sakataren jam'iyyar NCNC, ya kuma dawo Arewa ransa bai yi daɗin abin da ya gani ba. Abu biyu waƙar ta faɗa a fili. Na ɗaya, tana tsorata Arewa game da jamhuriya da rinjayen 'yan siyasar Kudu, tana so a ci gaba da mulukiya, wato mulkin da sarakuna ke da matsayi a cikinsa. Na biyu, tana jan kunnen sarakunan nan su gyara, su bar zalunci, a yaƙi jahilci da lalaci, tana kuma ba su misali da Indiya. Mai karatun wancan lokaci ya san labarin: Indiya ta sami 'yanci a 1947, masarautunta fiye da 500 suka narke cikin sabuwar ƙasa, ta kuma zama jamhuriya a Janairun 1950.

To ina ɓoyayyen? Yana wurin haɗuwar maganganun biyu. Idan ka ajiye su kusa da juna za ka fahimci cewa goyon bayan da Sa'adu ya ba sarauta mai sharaɗi ne, ranar da aka ƙi gyara ranar ya faɗi. Wannan fahimta tana da madogara a cikin waƙar kanta, kowa na iya bin baitocin ya gani. Amma akwai masu wuce nan. Saboda Sa'adu aminin Malam Aminu Kano ne, kuma daga baya ƙusa ne a NEPU, sai su ce ai duk batun mulukiyar nan dabara ce kawai, zuma ce aka shafa wa magani, mutumin a zuciyarsa ɗan jamhuriya ne. Wasu kuma su ɗauki ɓangaren farko kaɗai su ce ya sauya sheƙa ya koma mai kare fada. Ban yarda da ko ɗaya ba. Na farkon sun bar ma'anar da suka hango ta cinye wadda aka rubuta baƙi a kan fari, na biyun sun karanta rabin abin da ke fili sun rufe littafi. Mudi Sipikin, wanda ya fi mu kusa da Sa'adu a zamani da aƙida, bai ce wasa malamin yake yi ba. Ya ɗauki maganarsa a yadda ya faɗe ta, ya mayar masa da amsa da tasa waƙar, "Arewa Jumhuriya Kawai". Wannan shi ne girmama mawaƙi: ka yarda cewa abin da ya furta ya nufe shi, sai in shi da kansa ya bar maka alamar akasin haka.

Wannan ƙa'ida ba daga jami'a ta fara ba. Malaman zaure na Fagge da na cikin birni sun daɗe suna koyar da ita a darasin usulu da na balaga. A usulu suna raba manɗuƙi, wato abin da lafazi ya furta, da mafhumi, abin da ake fahimta daga lafazin ba tare da an furta ba. Misalin da kowane ɗalibi ya sani shi ne na iyaye: Alƙur'ani ya hana a nuna musu ƙosawa ko da da 'yar ƙaramar kalma, sai malamai suka ce duka da zagi sun fi cancantar hani, ko da ba a ambace su a wurin ba. Fahimtar ta fito ne daga cikin lafazin, ba a jawo ta daga waje ba. A balaga kuma suna raba haƙiƙa da majazi, su kafa sharaɗi mai ƙarfi: ba a barin ma'anar asali a tafi wata sai da ƙarina, wato wata alama a cikin zancen ko a halin da aka yi shi wadda ta hana a tsaya kan ma'anar farko. In wani ya ce ya ga zaki, zaki ya gani. In ya ce ya ga zaki bisa doki riƙe da mashi, doki da mashin sun gaya maka jarumi yake nufi.

Dubi Burda ta Busiri, mutumin Masar na ƙarni na 13, wadda ake rerawa a zawiyoyi da wuraren Mauludi a ko'ina cikin Kano. Farkonta zancen hawaye ne da bege da tuna wasu wurare, irin buɗewar waƙoƙin soyayyar Larabawa, sunan Manzon Allah (SAW) bai zo ba sai an yi nisa. Duk da haka babu almajirin da ke ɗaukar cewa wata budurwa ake bege. Wuraren da aka ambata na yankin Hijaz ne, al'adar masu madahu ce su buɗe da haka, sauran waƙar kuma ta zo ta tabbatar. Ƙarina uku ke nan a kan ma'ana ɗaya. Abin da ke ba ni takaici shi ne mutumin da ya san wannan ƙa'ida sarai a gaban malaminsa da safe, da yamma in an kunna waƙar Hausa sai ya ajiye ta, ya yanke hukunci a kan nufin mawaƙi ba ƙarina ko ɗaya.

'Yan canji na Wapa suna da abin da za su koya mana a nan. Idan aka miƙa wa ɗan canji takardar kuɗi, yakan fara duba abin da ke rubuce a fuskarta, sannan ya ɗaga ta sama wajen haske ya nemi hoton da ke ɓoye a jikinta. Hoton nan ba ya ganuwa kai tsaye, amma yana cikin takardar, kuma in ka musa zai ɗaga maka ita kai ma ka gani. Ɓoyayyar ma'ana ta gaskiya haka take: wanda ya gano ta yana iya nuna wa waninsa inda take. Wadda ba a iya nunawa, sai dai a ce "ai kowa ya sani", zato ce.

A ina ake samun ƙarina a waƙar Hausa? Mafi ƙarfinta ita ce wadda ke cikin waƙar: kalmar da aka yi ta nanatawa, amshin da bai dace da zahirin baitoci ba, siffar da ba za ta yiwu ga abin da aka ambata ba, kamar a ce kura ta naɗa rawani ko ungulu ta hau kujera. Sai kuma zamani. Fartanya a waƙar noma fartanya ce. Amma a waƙar da aka yi gab da zaɓen 1959, in aka ce ƙotar fartanya ta karye tauraro ya haska, duk mai hankali ya san NPC da NEPU ake nufi, domin alamominsu ke nan. Haka mabuɗi da gida da masara a 1979, alamomin jam'iyyun PRP da NPN, ko santsi da taɓo, laƙabin ɓangarorin da aka samu bayan da PRP ta dare biyu. Yaron da aka haifa bayan shekara ta 2000 zai wuce waɗannan kalmomi bai ji komai ba, sai an koya masa tarihi. Shi ya sa nake ganin malamin adabin da ba ya koyar da tarihin gari tare da waƙa yana tura ɗalibai farauta ba kare. Akasin haka ma yana faruwa, kuma ya fi muni: a ɗauki waƙar da aka yi shekara hamsin da suka wuce a ce da wani ɗan siyasar yau take, alhali lokacin ko makaranta bai shiga ba.

Akwai kuma al'adar waƙar kanta. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo suna da sananniyar hanya: sarki giwa ne ko zaki ko toron giwa, masu ja da shi kuwa a ba su siffofin ƙasƙanci. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun bambance zambo, inda ake zana kamannin mutum ko halinsa a muzanta shi har a gane shi, da habaici, inda ake sakin magana a bar mai ita ya tsargu. A wurin wasa kuma sanƙira kan ƙara wani abu, ya yi ƙarin bayani ko ya jefa kalmar da za ta karkata hankalin jama'a zuwa wani mutum, ga kuma kallo da nuni da sauyin murya. Duk waɗannan ƙarina ce ga wanda yake wurin. Da zarar waƙa ta koma faifai ko takarda, yawancinsu sun zube, sai a bar mu da kalmomi da ruwayoyi masu karo da juna. "Gagarabadau" ta Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, har yau ana gardamar wanda aka yi wa ita. Cewa zambo ce, wannan a fili yake. Sunan mutumin kuwa ruwaya ce daga wajen waƙar, kuma mai nazari na gaskiya zai faɗe ta a matsayin ruwaya, ya ambaci inda ya samo ta.

A makarantunmu matsalar ta ɗauki wata kama. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero, a cikin Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, ya shimfiɗa hanya mai kyau: a nemo furucin jigo, wato baitin da mawaƙi ya faɗi manufarsa da kansa in akwai shi, sannan a warware jigon, sannan a shiga salo da adon harshe, su kamantawa da siffantawa da jinsintarwa da alamtarwa. Tsarin nan da kansa yana cewa a fara da fili kafin ɓoye. Amma abin da ke isa ga ɗalibin sakandare mai shirin jarrabawa sau da yawa jimla ɗaya ce ta hadda: jigon waƙa kaza wa'azi ne, jigon waƙa kaza siyasa ne. Ba a tambayarsa baitin da ya nuna haka, balle a tambaye shi abin da waƙar ta bari ba ta faɗa ba. Sai ya fita da hannu biyu babu komai, bai iya riƙe zahiri ba, bai iya bin sawun baɗini ba. In ya girma ya zauna a majalisa, "da wa yake?" ce kaɗai hanyar nazarin da ya gada.

Wani nau'in kuskuren ya shafi Sabon Gari kai tsaye, kuma yana ci mini rai. Mu'azu Haɗeja yana da waƙa a kan giya da wata a kan karuwa, Aƙilu Aliyu yana da "'Yar Gagara" a cikin Fasaha Aƙiliya. Waƙoƙin gargaɗi ne, manufarsu ba a ɓoye take ba, hali suke suka. Amma sau nawa ake karanta irinsu a aji ko a hira, sai wani ya ce, "Ai da mutanen Sabon Gari ake." Daga sukar hali an koma sukar unguwa, daga unguwa an koma ƙabila da addini. Wanda ya faɗi haka sai ya nuna baitin da ya dogara da shi, in kuwa babu, to ya sani abin da ke ransa ne ya karanta. Sabon Gari unguwa ce ta masallatai da coci-coci da makarantu da asibitoci, ga babbar kasuwar da dubban Hausawa ke cin abinci a cikinta, kuma mashayi da mazinaci babu unguwar da ta rasa su. Garin da ya ga tarzomar watan Mayun 1953, wadda ta fi ƙamari a tsakanin Fagge da Sabon Gari, ya ga kuma waɗanda suka biyo bayanta, bai kamata ya yi sakaci da irin wannan fassara ba. Mawaƙin da ya yi wa'azi domin kowa ya duba kansa, an zalunce shi idan aka mai da waƙarsa dutsen jifan maƙwabci.

Wani lokaci kuma mawaƙin ne da kansa ke biyan kuɗin fassarar. A 2009 wata kotun tafi-da-gidanka mai aiki da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta haramta waƙoƙi goma sha ɗaya, cikinsu har da "Hasbunallahu" ta Aminu Ladan Abubakar, wato Alan Waƙa. A watan Yulin shekarar aka kama shi, aka tuhume shi da sakin waƙa ba tare da izinin hukumar ba. A zahirinta waƙar addu'a ce, kai ƙara ce wurin Allah a kan masu takura wa bayinsa. Jama'ar gari kuwa, masoya da masu adawa, sun ji ta a matsayin martani ga matsin da mawaƙa da 'yan fim ke ciki a lokacin, kuma halin da ake ciki ƙarina ce mai ƙarfi da ke goyon bayan wannan ji. Ba na cewa mutane sun yi kuskuren fahimta. Abin da nake cewa shi ne, ko inda ɓoyayyar ma'ana ta yi ƙarfi haka, tana nan a matsayin fahimta, ba ta zama furuci ba. Hikimar habaici ke nan tun daga waƙar daka ta kishiyoyi har zuwa ta situdiyo: yana ba mai rauni damar ya yi kuka ba tare da ya kama suna ba. Duk lokacin da muka ɗauki abin da muka fahimta muka ce shi mawaƙi ya faɗa, mun rushe wannan mafaka, mun kuma koya wa masu iko su riƙa hukunta mutane a kan abin da ba su furta ba.

Yau abin ya ƙara sauri. Ana yanko daƙiƙa talatin daga waƙar minti goma, a ɗora hoton wani a kai, a watsa a WhatsApp da TikTok. Wanda ya haɗa hoton ya riga ya amsa "da wa yake?" a madadin kowa, baitocin da za su iya ƙaryata shi kuma an yanke su. Wannan ƙarinar jabu ce, mawaƙi bai san da ita ba.

Roƙona ga malaman Hausa na makarantun Fagge da Sabon Gari da sauran Kano, da masu gabatar da shirye-shiryen waƙa a gidajen rediyo, shi ne su raba tambayar gida biyu a duk waƙar da suka ɗauka. A fara da cewa ɗalibi ya faɗi abin da mawaƙi ya ce, baiti bayan baiti, da kalmominsa na yau da kullum, ba ƙari ba ragi. Sai ya gama wannan a ba shi izinin faɗin abin da yake ganin an nufa, da sharaɗin ya ɗora yatsa a kan baitin, ko ya kawo shekarar da abin da ya faru a cikinta, ko al'adar waƙar da ta ba shi wannan fahimta. In ya kasa, a koya masa ya ce "ina zato", kuma a ba shi maki a kan wannan gaskiyar. Kai kuma mai karatu, in an sake kunna waƙa a majalisarku wani ya rantse ya san da wanda ake, ka ce masa a mayar da ita farko, a saurare ta har ƙarshe, sannan ya nuna muku baitin.